Abin da Ba a Tambaye Ni Ba

Ita ce ta kawo ni Dubai. Gara in fara faɗin wannan, domin duk wanda zai yi mini hukunci ya yi shi da cikakken sani.

Tare muka yi jami'a, aji ɗaya, muna karanta aikin jin daɗin jama'a. Ni 'yar Kano ce, ita kuma Kirista ce daga kudancin Gombe, mai dariya da ƙarfi, wadda Hausarta ta fi tawa gishiri idan ta zauna ba da labari. A aji ni ce a gaba, kuma ita ma ba ta taɓa musa wannan ba. Littafina take ara ta kwafa idan jarrabawa ta matso, ni nake zaunar da ita a gindin darbejiyar bayan ɗakin karatu ina yi mata bayani tana hamma. Da sakamako ya fito na fi ta nesa ba kusa ba. Bayan bautar ƙasa sai hanya ta rabu. Na samu aiki a banki, na shekara bakwai ina yi wa mutane murmushi ta bayan gilashi. Ita kuwa ta tafi wani asibitin mishan a karkara tana yin ainihin aikin da muka karanta. A lokacin har tausayinta nake ji.

Bankin ya rage ma'aikata, aka sallame ni, na kusan shekara a gida ina wanke-wanke. Ita tuni ta yi shekara biyu a Dubai. Wata rana ta kira ni ta ce, "Hajjaju, turo mini takardunki." Haka take kirana tun muna makaranta, don tsokana. Na tura. A 2016 na sauka, ita ta tarbe ni a filin jirgi, ta kai ni ƙaramin fulat ɗinta a Hor Al Anz, ɗaki ɗaya da falo, ta nuna mini gadon da ta saya mini da rabin durowar da ta kwashe kayanta daga ciki.

Inda take aiki wata cibiyar jinya ce mai zaman kanta a Al Khabaisi, tafiyar minti ashirin a ƙafa daga gida. Nan ake kwantar da waɗanda ɓarin jikinsu ya shanye ko suka yi mummunan haɗari, ana sake koya musu tafiya da magana da riƙe cokali. Aikinta shi ne tsayawa tsakanin likitoci da iyalan majinyata: ta saurari damuwarsu, ta shirya yadda za a koma gida, ta san wa zai ɗauki nauyin wa. Sai da na iso na gane cewa a can ba a taɓa wannan aiki sai da lasisi, kuma hukumar da ke bayarwa tana duba shekarun da mutum ya yi yana aikin, ban da digiri. Shekaru bakwai ɗina na banki ba su shiga lissafi ba. Shekarunta na karkara, waɗanda nake tausaya mata a kansu, su ne suka ba ta lasisi.

Saboda haka aikin da ta samo mini shi ne zama a teburin karɓar baƙi na sashenta. In amsa waya, in rubuta wa mutane lokacin ganinta, in ɗauko fayil, in mayar da fayil. Ina sa rigar ma'aikata mai ruwan toka, ita tana sa kayan da ta ga dama. Tana da ofis mai ƙofa. Idan iyali suka zo, ni nake cewa su zauna, in leƙa in ce mata, "Sun iso," sai ta fito da fara'a ta shigar da su ta rufe ƙofa. Sautin rufe ƙofar nan na ji shi sau dubbai, kuma bai taɓa daina sosa mini rai ba.

Akwai kuma maganar Larabci. Ni na yi Islamiyya shekara goma, na san nahawu, ina karanta littafi ba wasali. Amma idan tsohuwa 'yar Masar ko Balaraben Siriya ya tsaya a gabana yana zuba magana, sai in daskare, in haɗa jimla irin ta littafi, su dube ni kamar mai karanta labarai a rediyo. Ita da ba ta san alif ba, ta tsinci Larabcin bakin titi a shekara biyu. Duk kuskure ne, tana mayar da mace namiji, amma suna gane ta, suna dariya, suna riƙe hannunta. Su kawo mata dabino da alawa, ta fito da kwalin ta ajiye a gabana ta ce, "Hajjaju, raba wa mutane," domin doka ta hana ta tafi da kyauta gida. In bi ofis-ofis ina raba godiyar da aka yi mata.

Ko a waya ban tsira ba. Duk sanda na kira mahaifiyata, kafin ta tambayi lafiyata sai ta ce, "Ina 'yar albarkar nan? Ki riƙe ta amana, ita Allah ya sa ta zama silar arzikinki." In ce to, Umma. Ban taɓa gaya wa kowa abin da ke raina ba, don ni kaina ban ba shi suna ba. Muna dafa abinci tare, muna raba kuɗin haya, ranar Juma'a, da yake ita ce ranar hutu a can, da safe ta tafi coci ni in yi wanki, da yamma mu je bakin ruwa mu sha iska. Ina son ta. Kuma idan ta dawo gida tana ba ni labarin yadda ta sasanta wani iyali, sai in riƙa cewa a zuci, da ni ce da na fi haka iyawa.

A shekarata ta uku aka kawo wani mutumin Sudan, ya haura hamsin, injiniya ne a wani kamfanin gine-gine. Ya faɗi a wurin aiki, ɓarin damansa ya shanye, maganarsa ta tafi sai 'yan kalmomi. Ranar da aka kwantar da shi yayansa ne ya cike takardu, kuma sunan yayan aka rubuta a matsayin wanda za a riƙa gaya wa halin da ake ciki. Matar majinyacin kuwa kullum tana zuwa da fulas ɗin shayi da kwanon abinci, ta zauna a gefen gado tun safe. Mace ce mai shiru, doguwa, lulluɓe da mayafinsu mai faɗi. 'Ya'yansu uku suna makaranta, kuma zamansu duka a ƙasar a kan bizar aikin mijin yake.

Likitoci sun gaya wa yayan cewa da wuya ƙaninsa ya sake tafiya da ƙafarsa, aiki kuwa ya ƙare. Shi kuma kullum yana ce wa matar, "Wata biyu, inshallah, zai tashi." Ita ta fara zargi. Takan tare ƙawata a baranda ta tambaye ta, in sa yara makaranta zango mai zuwa ko in fara haɗa kaya? Ƙawata ta zauna da yayan sau biyu tana roƙonsa ya gaya mata gaskiya, ya ce mata ba su da juriya, shi ya san iyalinsa. Ta je wurin shugabar sashenmu, wata 'yar Jodan mai tsananin bin ƙa'ida, ita ma sau biyu. Shugabar ta ce sunan yayan ne a takarda, to shi za a riƙa gaya wa, sai dai a jira majinyacin ya iya magana da kansa. Duk zaman nan huɗu ni na rubuta lokacinsu a kwamfuta, na san da su sarai.

Wata Juma'a bayan la'asar aka ƙwanƙwasa mana ƙofa. Na buɗe, sai ga matar. Ƙawata ta fito daga ɗaki ba alamar mamaki a fuskarta, ta ce mini, "Don Allah ɗora mana shayi." Kicin ɗinmu labule ne kawai ya raba shi da falo, na ji komai. Ta gaya mata a hankali, da Larabcinta mai kurakurai, abin da likitoci suka ce. Matar ba ta yi kururuwa ba. Ta yi kuka ƙasa-ƙasa, sannan ta fara tambayoyi, ɗaya bayan ɗaya, irin na wanda ya daɗe da shirya su. Da za ta tafi ta kama kan ƙawata da hannu biyu ta sumbaci goshinta ta ce ita 'yar'uwarta ce har abada. Ni kuma ta miƙo mini kofin da ta sha ta ce, "Shukran," ba tare da ta dubi fuskata ba.

Bayan ta fita na ce, "Kin san abin da kika yi kuwa?"

Ta ce, "Na sani. To me zan yi? In bar ta ta ci gaba da dafa masa abincin komawa aiki?"

Na ce, "Da sai ki yi a ofis."

Ta ce, "A ofis yayan yana zaune a bakin ƙofa." Ta kwashi kofuna ta shiga wankewa, maganar ta mutu a nan.

Ba a yi wata ɗaya ba yayan ya kai ƙara. Matar ta tunkare shi a gaban dangi, shi kuma ya gane inda labari ya fito. Ya rubuta wa cibiyar, ya rubuta wa hukumar lasisi: an tona sirrin majinyaci ga wanda ba a ba izini ba, an gana da iyali a wajen wurin aiki, an raba kan gida. Nan take aka hana ƙawata ganin majinyata har sai an gama bincike. A amsar da ta rubuta ba ta ɓoye komai ba game da gaya wa matar, ta ce ita ta yi. Matar kuwa ta ƙi zuwa ta ba da shaida a kanta. Sai aka aiko mini da takarda, tunda an san gida ɗaya muke, cewa kwamitin ladabtarwa yana son ji daga bakina.

Ana gobe za mu je, muna tsinke alayyahu, ta ce, "Hajjaju, ba zan ce ki yi ƙarya saboda ni ba. Abin da suka tambaye ki, ki faɗi abin da kika gani."

Na ce, "Haba, sai kin faɗa?" Kuma wallahi a lokacin ban ƙulla komai a raina ba.

Da safe muka hau jirgin ƙasa na metro tare. Ofishin hukumar a wani dogon bene yake, aka ajiye mu a ɗakin jira mai sanyi kamar firji. Ban yi tsammanin ganin kowa ba, amma muka tarar da mutum kusan goma. Wani tsoho ɗan Pakistan a keken guragu, ɗansa na tura shi. Wasu mata biyu 'yan Masar. Wata 'yar Filifin da mijinta ya yi wata takwas a cibiyarmu. Sun ji labari, sun zo, wasu riƙe da wasiƙu a ambulan. Ma'aikacin wurin ya ce ba za a shigar da su ba, amma zai karɓi wasiƙun. Suka kewaye ƙawata, tsohon ya ɗaga hannunsa mai lafiyar yana yi mata addu'a. Dukkansu sun san ni, ni nake rubuta musu lokaci, ni nake nuna musu kujera. Ɗaya daga cikin matan ta dube ni ta ce, "Ke ma kin zo taya ta? Allah ya saka." Shi ke nan.

Na zauna a gefe ina kallonsu. Na tambayi kaina, da ni aka kawo ƙara, wa zai bar aikinsa ya zo? Sai na tuna ba ma wanda zai iya kawo ni gaban wannan kwamiti. Ba ni da lasisin da za a karɓe. In na yi laifi, shugabar sashe ce za ta kira ni ta yi mini faɗa, ko ta ce in tattara kayana. Ita kuwa ga mutum uku sun bar ayyukansu, an buga fayil mai kauri da sunanta, don a auna abin da ta yi. Ko a ranar da take cikin tashin hankali, fuskarta ta faɗa, leɓenta ya bushe, na dube ta na ji ƙyashi.

Ita aka fara kira, ta yi kusan awa ɗaya. Sannan ni.

Mutum uku ne a bayan dogon tebur. Shugabarsu 'yar ƙasar ce, cikin baƙar abaya, mai magana a natse. Ga wani lauya a damanta, a hagunta kuma wata dattijuwa 'yar Indiya da aka ce ta daɗe a irin aikinmu. An ajiye na'urar ɗaukar magana a tsakiya. Da Turanci aka yi. Suka tambaye ni ko matar majinyacin ta taɓa zuwa gidanmu, na ce ta zo. Sau nawa? Sau ɗaya. Na ji abin da aka tattauna? Na ji, na faɗa musu. Ko an ba ƙawata kyauta ko wani abu a ranar? Na ce a'a. Lauyan ya gyaɗa kai, ya rufe alƙalaminsa. Shugabar ta yi mini godiya, sannan ta ce, kamar yadda ake faɗa don cika ƙa'ida, "Akwai abin da kike son ƙarawa?"

Akwai abin da ya kamata in ƙara. In ce ƙawata ta zauna da yayan sau biyu, ta je wurin shugaba sau biyu, ni na rubuta lokutan, ku duba kwamfuta. Yana bakina. Abin da ya fito kuwa daban ne. Na ce ba wannan ne karo na farko da take ba iyalan majinyata lambar wayarta ta kanta ba. Na ce wayarta ba ta hutawa a gida, har ranar hutu, kuma ban taɓa ganin ta rubuta waɗannan hirarraki a fayil ba. Na ce tana kiran su "mutanena". Na faɗe shi da murya mai laushi, da fuskar wadda abin ya dame ta, har na ƙara da cewa kirki ne ya yi mata yawa.

Lauyan ya sake buɗe alƙalaminsa. Dattijuwar ba ta rubuta komai ba, ta dai ɗago ta dube ni ta saman tabarau, ta daɗe tana kallona.

Duk abin da na faɗa gaskiya ne, ba ƙarya ko ɗaya. Kuma ba zan ɓoye ba, da na fito na ji wani irin daɗi, kamar an sauke mini kaya. A karon farko mutane masu muhimmanci sun saurare ni a kan aikin da na karanta, sun rubuta maganata. Daɗin bai kai ƙasan bene ba. A cikin lif ƙawata ta riƙe hannuna ta ce, "Sannu, na jawo miki wahala." Na ce ba komai.

Hukunci ya fito bayan makonni shida. An dakatar da lasisinta wata shida, sai ta yi kwas a kan ƙa'idojin aiki, idan ta dawo kuma ta yi shekara ɗaya ana duba aikinta. Shugabar sashenmu ta tsaya a gaban teburina tana gaya wa wata nas, ba ta damu da ina ji ba, cewa da a kan laifi ɗaya aka tsaya da takardar gargaɗi kawai za a ba ta, amma kwamitin ya rubuta cewa ɗabi'a ce da ta maimaitu. Ban san ko hakan ne ba. Na dai sunkuyar da kai ina gyara takardun da ba su buƙatar gyara.

Cibiyar ba ta kore ta ba. Da an kore ta da bizarta ta tafi. Aka rage mata albashi, aka ba ta riga mai ruwan toka, aka kawo kujera ta biyu teburina. Kwana uku bayan haka na shiga ofishin shugaba na ce, tunda ga ayyuka sun taru, ko zan riƙa taimakawa da wasu iyalan, ai na karanta aikin. Ta cire tabarau ta ce, "Habibti, ba ki da lasisi. Khalas, shi ke nan." Cikin mako biyu suka ɗauki wani mutum ɗan Indiya, shi ya shiga ofishin mai ƙofa.

Haka muka zauna kafaɗa da kafaɗa. Ni na koya mata aikin kwamfutar, kuma ba ta da sauri, takan rubuta lokaci ɗaya wa mutum biyu. Nakan gyara mata a gaban jama'a, da ƙarfi fiye da yadda ake buƙata. Na ɗauka hakan zai sanyaya mini zuciya. Amma da safe idan aka buɗe ƙofa, layi a ɓangarenta yake tsayawa. In ce, "Ga wuri a nan," su yi murmushi su ce za su jira. Idan suka fara kawo mata damuwarsu sai ta ɗaga hannu ta ce ba ta da izinin magana a kan wannan yanzu, su ga malamin da ke ciki. Duk da haka su tsaya, su tambayi lafiyarta, su nuna mata hoton jika a waya. Ranar da mutanen Sudan za su koma ƙasarsu, matar ta turo mijinta a keke har gaban teburin, yara uku a bayanta. Ta zagayo ta rungume ƙawata, suka yi ta kuka. Mijin ya yi ta ƙoƙarin furta wata kalma har ya samu, ya ce mata na gode. Ni ina amsa waya.

A gida ba abin da ya canza a zahiri. Muna dafa abinci, muna ci. Sai dai ta rage ba da labari, kuma na lura ta daina ce mini Hajjaju, sai ta kira ni da sunana. Na ce a raina damuwar hukuncin ce.

Wata safiya, wata biyu da fara zamanmu tebur ɗaya, muna tafiya aiki, zafi ya riga ya sauko tun ƙarfe bakwai. Muka tsaya a ɗan shagon da muke sayen shayin karak, mai madara da kayan ƙamshi. Ta karɓi kofinta, ta hura, ba ta dube ni ba ta ce, "Kin san suna ba mutum kwafin duk abin da shaidu suka faɗa?"

Na ce, "Ban sani ba."

Ta ce, "Tare da takardar hukuncin ya zo. Na karanta naki tun ranar."

Na ce, "Gaskiya na faɗa. Ke kika ce kada in yi ƙarya."

Ta ce, "Gaskiya ce. Na ce abin da suka tambaye ki. Wannan ba su tambaye ki ba." Ta kurɓi shayi. "Wata biyu ina juya abin, ina neman me na yi miki. Na duba tun daga makaranta. Ki gaya mini, don in na yi miki laifi in sani."

Na so in ce ba komai. Sai na ji bakina yana cewa, "Ni na koya miki karatun nan. Ni nake zaunar da ke. Yanzu ni ce mai ɗauko miki fayil, ni ce mai dafa wa baƙinki shayi." Mai shagon ya daina zuba madara yana kallonmu, ko da yake ba ya jin Hausa.

Ta dube ni a karon farko. Ba fushi a fuskarta, gajiya ce. Ta ce, "Ashe shi ne. Shekara uku muna kwana ɗaki ɗaya, da kin faɗa mini a gida." Sannan ta ce, "Laifin da na yi nawa ne, ban ɗora miki ba. Na ba mutane lambata, ban rubuta ba, na kira matar gida. Dattijuwar nan ta kwamiti ta gaya mini, in dai ba na ba kaina hutu, wata rana zan yi kuskuren da ya fi wannan, kuma ta yi gaskiya. Amma ke ba don ki gyara ni kika faɗa ba."

Na ce, "Ki yafe mini."

Ta ce, "Zan yi ƙoƙari. Ba yau ba." Ta jefa kofin a kwandon shara. "Ƙarshen wata zan koma Al Qusais, wurin wasu 'yan cocinmu. Ki fara neman wadda za ku zauna tare."

Muka ƙarasa wurin aiki, muka zauna a kujerunmu, ta tambaye ni yadda ake soke lokacin da aka riga aka rubuta, na nuna mata. Abin kunya, ko a wannan tafiyar, ina cikin jin kamar ƙasa ta tsage in shige, wani ɓangare na zuciyata yana jin haushin yadda ta iya maganar. Ba zagi, ba ɗaga murya. Ko a rigima ta fi ni.

Ta tashi ƙarshen watan kamar yadda ta ce. Ta bar mini gadon da tukwane. Sauran wata huɗun muka yi su a tebur ɗaya, gaisuwa da maganar aiki kawai. Ta yi kwas ɗinta, aka mayar mata da lasisi, ta koma ofis, yanzu da wayar aiki daban wadda take kashewa ƙarfe biyar ta sa a durowa. Ba a daɗe ba korona ta shigo, aka hana iyalai ziyara. Ita ce ke bin gadaje da waya a hannu, fuskarta a rufe, tana haɗa majinyata da 'ya'yansu ta bidiyo, kowane kira kuma ta zauna ta rubuta shi. Ni aka ba ni na'urar auna zafin jiki na tsaya a bakin ƙofa.

Farkon 2021 ta samu aiki a wata cibiya a Sharja, aka ba ta shugabancin sashe, duk da abin da ke rubuce a fayil ɗinta. An yi mata walimar bankwana a ɗakin cin abinci, kowa da takunkumi, ni na yanka kek ɗin na rarraba. Mahaifiyata ta ci gaba da tambayarta, ina cewa tana lafiya, aiki ne ya raba mu. Har yau ban gaya mata ba.

Ni da ƙawata sau ɗaya muka ƙara magana. Wajen ƙarshen shekarar wata nas ta gaya mini mahaifin ƙawar tawa ya rasu a gida, kuma ba ta samu zuwa jana'iza ba. Na yi kwana biyu ina ɗaukar waya ina ajiyewa, a na uku na kira lokacin hutun rana. Ta ɗauka. Na yi mata ta'aziyya, ta amsa da ladabi, ta tambayi Umma da ƙannena. A bayanta ina jin hayaniyar mutane, Hausa da Larabci da Turanci, ana ta shigowa gaisuwa, wata tana tambayar inda za a ajiye abinci. Ta ce, "Ki yi haƙuri, baƙi sun yi yawa. Na gode da kika kira." Na ce Allah ya ba da haƙuri, ta ce amin.

Na ajiye wayar, na wanke fuskata a banɗaki, na koma tebur. Akwai wani dattijo da ke jira a canza masa ranar ganin likita, na canza masa zuwa Talata.